Asabar Ɗin Kafinta

Asabar, da hantsi

“Ranar Asabar zan gyara miki kantar nan, ki daina cika mini kunne.” Bakinka ne ya faɗa, a falon nan, kana shan shayi. Lokacin Auta ba ta gama firamare ba. Yanzu Auta tana jami'a.

To, yau ma Asabar ce, kanta kuma ta gaji da jiranka. Ka sunkuya ƙarƙashinta kana laluben silifas, ƙusar gefe ɗaya ta fice daga bango, katako da littattafaina suka yo ƙasa gaba ɗaya. Babban ƙamus ne ya fara isowa, ya sauka a gefen goshinka na dama. Kafinta guda, mai shago da ma'aikata, wanda ake tasowa daga wata unguwa don shi ake so ya yi ƙofa, yau kanta ta zaunar da shi a falonsa.

Na ce mu je asibiti. Ka ce kumburi ne kawai. Na ce to bari in kira kafintan bakin titi ya mayar da ita. Sai ka kalle ni kamar na zagi iyayenka.

“Wannan mai gam ɗin? Muddin ina numfashi, wani kafinta ba zai buga ƙusa a gidana ba.”

Littattafai na nan jere a ƙasa jikin bango. Ƙamus ya ɓare a baya. Litinin zan tafi da shi laburare, tunda aikina ke nan, jinyar littattafan da suka ji jiki. Shi dai yana da mai gyara shi.

Laraba, da yamma

Kana ciwon kai, ba ka faɗa ba. Kwalin magani na gani a kwandon shara. Da ma haka nake samun labarinka, a shara da aljihun wanki. Shekara ashirin da wani abu, in na ce ya aiki, ka ce “Lafiya.” Ya abinci, “Ya yi.” Na karanta littattafan da marubutansu suka mutu tun kafin a haifi kakata, kuma duk sun fi ka hira.

Lahadi, da safe

Ciwon kai. Shiru. Littattafai a ƙasa.

Alhamis, bayan na dawo aiki

Ka yi dariya.

Ina rubutawa ne don kada gobe in ce mafarki na yi. Na shigo da jaka, na yi tuntuɓe da littattafan nan, na fara mitar da na saba. Sai ka kece da dariya har da riƙe ciki, ka ce, “Gara, bi a hankali mana, kada ki tattake abincinki.”

Gara. Sunan da ka sa mini muna saurayi da budurwa, wai ina cin littafi kamar yadda gara ke cin katako, wai kafinta bai da abokin gaba kamata. Rabon da in ji shi a bakinka tun kafin mu yi 'ya'ya. Na tsaya da jaka a hannu kamar wadda ta shiga gidan maƙwabta bisa kuskure.

Me ke sa mutum ya ajiye suna shekaru, sannan wata Alhamis ya ɗauko shi ba ko ƙura?

Asabar, da rana

Yayarka ta zo. Ka tare ta da waƙa, ka ce ta ƙara ƙiba, ka ba ta labarin ranar da kuka fasa tulun mahaifiyarku kuka ɗora wa akuya. Ta yi dariya har da hawaye. Da ta biyo ni kicin sai ta kama hannuna.

“Ke, me kika ba ƙanena?”

Na ce, “Ƙamus, Yaya.”

“To wallahi da na sani, tun yana yaro zan kwaɗa masa shi. Wannan sauƙi ne daga Allah. Shekara nawa muna roƙo?”

Na ce ina tunanin mu je a duba kan nan. Ta ce, “Kul! Ki kai shi su dawo mana da tsohon? Mutum ya fara zama mutum ki ce ciwo ne?”

Yaya ba ta karatu, ita ba ta da laifi.

Litinin, lokacin hutun rana

Na gama ɗinke ƙamus. Tunda ina wurin, na ɗauko littafin ilimin jikin ɗan Adam daga sashen da ba mai zuwa. Son sani ne kawai.

Ashe ƙwaƙwalwa ba haka take zaune tsirara cikin ƙoƙon kai ba. An naɗe ta da tantani har uku. Na waje shi ne mai kauri, kamar fatar da ake yi wa littafi bango. In jini ya zuba a samansa, tsakaninsa da ƙashi, yawanci ba ya ba da lokaci. In a ƙarƙashinsa ya zuba, yana iya taruwa sannu a hankali, mutum na yawo da shi makonni. Littafin ya jera alamomi. Na karanta su. Na rufe shi, na mayar wurinsa.

Asibiti ba guduwa zai yi ba. Gobe.

Talata, da magariba

Ka zauna a kicin kana yanka mini albasa, kana tambayata abin da ke cikin littafin da nake karantawa. Na faɗa maka. Ka ce, “Sai me ya faru?” Sau uku kana cewa sai me ya faru. Albasa ce ta sa ni hawaye.

Gobe.

Laraba

Gobe.

Juma'a, da hantsi

Babban ma'aikacinka ya kira ni a waya, mutumin da ya girme ka, wanda bai taɓa kirana ba.

“Uwar gida, Oga lafiya kuwa? Ya auna ƙofa, ya yanka, ta gaza da kusan taƙi guda. Na nuna masa, sai ya yi dariya, wai a sayar wa gajere.”

Kai da ka taɓa korar mutum don ya bar kan ƙusa a waje.

Da ka dawo na zuba maka shayi, na lura da hannunka na hagu. Kofi ya sulɓe ya fashe, ka bi shi da kallo kamar na wani ne. Silifas ɗinka na hagu kuma yana jan ƙasa. Bugun a dama, rauni a hagu. Haka littafin ya ce, hanyoyin a giciye suke. Har a wannan halin sai da na ji mamakin abin ya kama ni, wa ya tsara haka, don me?

Na kira mai tasi. Ka shiga kana tambaya ko yawon shaƙatawa za mu.

Juma'a, da yamma, a asibiti

An tura ka cikin na'urar ɗaukar hoton kai. Likita na farko, dogo mai saurin magana, ya nuna mini allon kwamfuta. Ga ƙoƙon kanka fari kamar zobe, ga ƙwaƙwalwa toka-toka, ga kuma wani abu a gaba ta dama ya tura ta gefe, kamar baƙon da ya zauna a kujerar mai gida. Na daɗe ina so in ga abin da ke cikin kan nan. Ban zaci a allo zan gani ba.

Ya tambaya ko kana shan wani magani. Na ce ƙwayar tsinka jini, ta zuciya. Ya gyaɗa kai. Sannan ya ce, “Yaushe kika fara lura halinsa ya sauya?”

Na ba shi amsa.

Ya ɗago ya kalle ni, ya rubuta.

Asabar, da safe

Likitoci biyu, hoto ɗaya, magana biyu.

Dogon ya ce jinin a saman tantani yake, don ga shi ya yi tudu a tsakiya kamar ƙwai. Babbar likitar tiyata, mace mai gilashi da ba ta gaggawa, ta ce a'a, dubi wancan ƙarshen, ya ja wutsiya siriri kamar jinjirin wata, irin na ƙarƙashi ke nan. Kuma da na sama ne, da wuya mutum ya yi makonni yana yanka albasa.

Na ce, “Ku yi haƙuri, likita. Ni a littafi na ga wuri biyu ne kawai, sama da ƙasa. Ƙwai ne ko wata?”

Dogon ya ɓata rai, ya ce wa ya ba ni littafi. Na ce ni ke ba mutane. Mai gilashi ta yi murmushi, ta ce, “Ta wannan gefen ƙwai, ta wancan wata. Shi ya sa ban gamsu ba.” Ta sa a yi wani hoton a babbar na'ura, mai ƙara kamar shagonka.

Haushi nake ji, amma na kasa daina tunanin abin. Jini ai ba ya ƙirƙiro wa kansa ɗaki. Duk inda ya zauna, wurin da ma yana nan.

Lahadi, da rana

Hoto na biyu bai raba gardama ba. Aiki dai dole, in ji Mai gilashi, amma za a jira ƙwayar tsinka jinin ta bar jikinka, in ba haka ba a buɗe a kasa tsayar da jini. An kwantar da kai kusa da tebur ɗin nas-nas, suna haska maka ido da tocila, suna tambayarka sunanka da ranar yau. In abin ya taɓarɓare ba za a jira ba.

Kai kuwa ka zama sarkin ɗaki. Ka yi wa tsohon gadon gefe alkawarin kujera kyauta. Na ce masa, “Baba, kada ka sayar da tabarmarka tukuna.”

Yaya ta zo, ta gan ka kana raha, ta ja ni baranda.

“Yanzu wannan za a fasa wa kai? Dube shi fa.”

Na ce, “Yaya, dubi hannunsa.”

Ta duba. Da ta kai bakin ƙofa sai ta juyo. “Na ɗauka ƙanena ne ya dawo. Haka yake fa yana yaro, kafin Baba ya rasu shago ya dawo kansa.”

Ban san wannan ba. Shekara ashirin da wani abu, ban sani ba.

Talata, da la'asar

Na zauna gefen gadonka da littafi. Ka sa hannun dama ka rufe shi.

“Gara, kin san abin da ya hana ni gyara kantar nan?”

Na ce, “Lalaci.”

“Aikin kofin shayi ɗaya ne fa. Ƙusa huɗu. Amma kullum kanki na cikin takarda. Kantar nan kaɗai ke sa ki ɗago ki kalle ni. In na gyara ta, da me za ki riƙa yi mini magana?”

Ka faɗa kana dariya, sannan ka tambayi nas ko akwai ƙarin burodi.

Na fita na tsaya wajen famfon baranda. Wato shekarun nan ina ta faɗa a kan kantar nan, ashe hira muke yi ban sani ba. Kai mutum ne ko katako? Baki fa gare ka. Da ka ce, ke, ajiye littafin nan, da mutuwa za ka yi? Sai da jini ya danne maka ƙwaƙwalwa? Kuma wa ya ce kaina kullum na cikin takarda? In mutum ya yi magana aka ce masa “Ya yi,” ina zai kai kansa?

Ban koma da littafin ba. Yana jakata.

Laraba, da safe

Gobe za a yi aikin. Ni aka ce in sa hannu, wai kai yanzu ko gidanka aka ce ka bayar za ka bayar kana waƙa.

Na tambayi Dogon, “In an cire jinin, zai koma yadda yake?”

Fuskarsa ta washe. “In Allah ya yarda, kamar da. Kamar ba a yi komai ba.”

Shi a ganinsa albishir ya yi mini.

Na sa hannu. Wannan karon ban ce gobe ba, ina so a san wannan.

Laraba, da yamma

Yau ka fi barci. Magana na ja maka. An aske maka gefen kai. Auta ta iso daga makaranta, ka kira ta da sunan yayarka, ta fita tana kuka. Da na gyara maka filo ka buɗe ido ka ce, “Sai me ya faru?” Ban san wane labari kake nufi ba. Na ci gaba da wanda na fara maka a kicin.

Alhamis, da hantsi

Sun shiga da kai.

Alhamis, da rana

Bencin nan na ƙofar tiyata ƙafarsa ɗaya ta gaza. Da kana nan da ka kifa shi ka duba.

Alhamis, da yamma

Mai gilashi ta fito, hula a kai, sawun takunkumi a kumatu. Ta ce an gama, kana numfashi da kanka. Yaya ta zube ƙasa tana godiya ga Allah. Auta ta rungume ni. Ni kuwa bakina ya riga ni: “Sama ne ko ƙasa?”

Ta zauna a bencin, ya karkata, ta gyara zama.

“Ba ko ɗaya. Mun ɗaga ƙashi, muka ga tantani fes, babu jini a samansa, sai dai ya kumbura ya yi duhu. Na tsaga shi, ga jini ya daskare. Muka kwashe. Ina jiran in ga ƙwaƙwalwa a ƙasa, sai na ga wani tantanin kuma, lafiyayye, ko ɗigo bai ratsa shi ba.”

Na ce ban gane ba.

Ta haɗa tafukan hannunta. “Tantanin nan mai kauri falle biyu ne manne da juna, har ana ɗaukarsa ɗaya. Jinin tsakaninsu ya shiga, ya raba su. A cikin tantanin kansa yake. Abu ne da ba kasafai ake gani ba. Ni tunda na fara aiki sai yau.”

Na ce, “Kamar bangon littafi. Kwali da yadi. In laima ta shiga tsakani sai ya yi ƙulli, waje lafiya, shafuka lafiya.”

Ta ce, “To kin ga kin riga Dogo ganewa. Kada ki faɗa masa.”

Wuri na uku. Littafin laburare ya ambaci falle biyun nan a layi ɗaya, na tsallake shi don ban ga amfaninsa ba. Abu biyu da suka daɗe manne har aka manta biyu ne, sai an ji ciwo a gane akwai fili a tsakani. Ba zan ce komai a kan wannan ba. Na gaji.

Juma'a, da safe

Ka farka. Kai naɗe da bandeji, ga siririn tiyo yana fitar da sauran jini. Nas ta ce ka matse hannunta da hagu, ka matse har ta ce wayyo. Ka bi ɗakin da kallo. Ka wuce ni, ka wuce Auta, idonka ya tsaya a kan durowar gefen gado.

“Wa ya yi wannan? Ƙofar ba ta zauna ba.”

Na ce, “Sannu. Ya jikin?”

“Lafiya.”

Auta ta yi tsalle, “Baba ya dawo!” Yaya ta kalle ni, na kalli durowa.

Asabar

Ya dawo. Alhamdu lillahi. Ya dawo.

Litinin, da hantsi

Na tare Mai gilashi a baranda, ta gama zagayen marasa lafiya. Na ce tambaya ɗaya ce, ba ta magani ba.

“Abubuwan da ya riƙa faɗa. Jinin ne ke magana, ko shi?”

Ta cire gilashi ta goge. Ta ce wurin da jinin ya danne, a gaban ƙwaƙwalwa, shi ke riƙe wa mutum linzami, shi ke cewa faɗi wannan, haɗiye wancan. In ya yi rauni, wani zagi ke fito masa, wani kuka, wani abin da ba shi da kai ba shi da gindi. “Wanne ne gaskiya a ciki, na'urarmu ba ta nunawa. Ke kika san shi.”

Na ce, “Ni? Ai ke kin fi ni, kin ga cikin kansa.”

Ta yi dariya ta wuce.

Na yi ta juya maganar a mota. Jini bai san sunan Gara ba. Jini bai san ƙusa huɗu ba. Ƙamus a waje ya bugi kan nan, bai zuba masa kalma ko ɗaya a ciki ba. Abin da ya fito, da ma yana ciki, a wani fili da ban san da shi ba.

Alhamis, da yamma

Mun dawo gida. Likita ta hana ka guduma da zarto da hawa tsani sai ta sake ganinka. Ka shigo falo, ka ga littattafai a ƙasa, ka ga ramin ƙusa a bango. Ka daɗe kana kallonsa.

Na ce, “Ka tuna abin da ka faɗa mini a asibiti?”

“Ban tuna komai ba.”

“Ko kaɗan?”

“Ba ni da lafiya lokacin.”

Ka faɗa kana juya cokali a shayin da ban sa wa sukari ba. Ka yi ta juyawa. Kunnenka na wajen askin ya yi ja, kuma yanzu babu gashin da zai rufa maka asiri.

Lahadi, da safe

“Ya abinci?” “Ya yi.”

Amma jiya na ajiye littafina a hannun kujera na shiga wanka, da na fito na tarar alamar da na sa ta matsa gaba da shafi biyu. Auta ta koma makaranta. Mu biyu ne a gidan.

Litinin, da safe, kafin in fita aiki

Na faɗa maka a tebur, ka yi kamar rediyo kake saurare, don haka ga shi a rubuce, ni ma kada in janye.

Na biya wajen kafintan bakin titi. Mai gam ɗin, shi. Ya ce girmamawa ce a gare shi ya yi aiki a gidan Oga.

Na ba ka zuwa Asabar, ƙarfe goma sha biyu na rana. Ban ce ka ɗauki guduma ba, likita ta hana. Kalma ɗaya nake so, ka san ta, sunan nan da ka sa mini, gaɓa biyu ce. Ka faɗe ta da kanka lafiya lau, babu jini, babu bandeji, idonka cikin nawa. In ka faɗa, littattafan nan su yi ta zama a ƙasa har ka warke, har wata Asabar ɗin, har Auta ta yi jikoki, ban damu ba. Ni ma zan ajiye na hannuna.

In sha biyu ta buga ba ka faɗa ba, zan buɗe masa ƙofa da kaina. Zan zaunar da kai a kujerarka da shayi, ka kalle shi yana shafa gam a bangonka. Kanta za ta hau ta zauna daram, in jera littattafaina, ƙamus a can ƙarshe.

Daga nan sai mu ga da me zan riƙa yi maka magana.